Lambar da ke Jikin Bango

Shekara goma sha tara lambar Gordon Pruys
tana rubuce da fensir a bangon shagona,
rubutun mahaifina, mai karkata dama,
kusa da ƙusar da muke rataye almakashi.
Furanni nake sayarwa a Thunder Bay,
garin da bakin tafki ke daskarewa har mota ta hau.
Abincina yana hannun injuna biyu,
mai hura ɗumi a Janairu
da mai riƙe sanyi a Yuli,
fure kuwa ba ya yafe wa wanda ya makara.

Gordon ba mugu ba ne, kada a ce na ce.
Yakan zo, in ya zo,
ya bubbuga tukunyar ɗumi da tafin hannu
kamar mai lallashin tsohuwar saniya,
ya ce, “Za ta kai baɗi.”
In biya, in zuba masa kofi,
mu yi hirar ciwon gwiwarsa.

Daren Alhamis, saura kwana biyu
bikin ’yar gidan Halvorsen,
wuta ta mutu a cikin tukunya.
Sau bakwai na kira, na ƙirga,
ina tsaye da bargo a kafaɗa,
numfashina yana fita fari a tsakar shago.
Kafin asuba wardi ɗari uku sun sunkuyar da kai,
bakin ganyensu ya yi baƙi
kamar an bi su da ashana.
Ranar Litinin ya iso.
Ya ce, “Ai da kin sake kira.”

Sabo turken wawa.
Ni ce wawan, igiyar kuwa da hannuna na ɗaura.

Na tsallaka titi wurin Tuomas mahauci,
wanda firjinsa bai taɓa ba shi kunya ba.
Ya yago takardar naɗe nama,
ya rubuta mini suna da jan biro.
Kamfani uku na kira duk da haka,
tambayata ɗaya ce gare su:
ƙarfe biyun dare, wa zai ɗauka?
Na farko ya yi dariya.
Na biyu ya ce zai tambayi manaja.

Ta ukun ta zo da kanta,
Odile Beaulieu, gajeriya, da tocila a goshi.
Ba ta ce mini komai ba tukuna.
Ta durƙusa, ta kara kunne a jikin ƙarfe,
ta zaro matatar iska, ta ɗaga ta ga haske,
ƙurar shekara huɗu ta zubo mata a takalmi.
Ta nuna mini tsagar da ke jikin bututu,
ta faɗi kuɗin gyara kafin ta taɓa sifana.
Ta rubuta kwanan wata a gefen injin,
da ranar da za ta dawo
ko an kira ta ko ba a kira ba.

Na sa hannu a takarda, hannuna yana rawa,
sai ka ce amanar mamaci na ci.

A watan Mayu ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.
Gordon ne, da hula a hannu,
yana neman fure mai arha, matarsa na asibiti.
Ina naɗewa, ya tsaya cak,
ya karkata kai wajen ɗakin sanyi.
“An sauya mata bel,” in ji shi.
Na ce, “An sauya.”
Ya gyaɗa kai. “Muryarta ta yi daɗi.”
Na ƙara masa wardi uku, ban sa a lissafi ba.

Lambarsa tana nan, ban goge ba,
rubutun Baba ne.
Ta Odile tana ƙasa da ita, da tawada,
daidai inda yatsana ke fara sauka cikin duhu.